Zazzaɓin Bayan Allurar Ƙyanda Ba Cuta Ba Ne

Iyaye, masu hana ku kai yara riga-kafi da hujjar cewa allurar ƙyanda tana kawo zazzaɓi suna sa ku gudun gara ku faɗa wa zago.

Idan bairos ya shiga ƙwayar halittar jiki, takan saki wani furotin mai suna intaferon, wanda aka gano a Landan a 1957. Yekuwa ce ga maƙwabtanta su ɗaura ɗamara. Bairos ɗin allurar an raunana shi, don haka yekuwar takan isa, garkuwar jiki ta haddace kamannin maƙiyi. Ɗumin da wasu yara ke yi bayan kamar mako guda alamar wannan aiki ne, kuma yakan wuce cikin kwana biyu.

Ƙyandar gaske kuwa, wadda ke yawo daga Mai'adua zuwa Baure idan bazara ta kama, tana da furotin da ke toshe wannan yekuwa. Tana kuma goge abin da garkuwar yaro ta riga ta koya, sai namoniya da gudawa su samu ƙofa. Mai ba ku waccan shawara ba shi zai kwana da ku a asibiti ba.

A kai yaro a wata 9, a koma a wata 15. Allurar kyauta ce.