Masu Ƙera Gem: Kukan 'Yan Wasa Suke Ji Ko Kukan Aljihunsu?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da mutane da yawa suka ɗauka shiriritar yara ce, alhali kuwa kuɗin gumi ne ke zurarewa a cikinsa. Ina nufin wasannin nan na waya da na talabijin da samarinmu ke kira gem, musamman irin waɗanda ake karawa da juna ta intanet, wato mutum yana Badariya abokin karawarsa yana Jega ko Kano ko ma wata ƙasa can.

Ni ɗan tireda ne a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi, kuma jikin shagona akwai gidan gem, saboda haka kullum ihun yaran nan da gardamarsu a kunnena suke kwana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗan ƙanwata. Yaron nan ya yi aikin shinkafa a fadama tun daga dashe har yanka, da aka sallame shi sai ya yanki wani abu mai kauri daga ladarsa ya sayi bindiga a cikin wani wasan harbe-harbe na waya. Jama'a, hoton bindiga fa, wadda ba ta kashe ko ƙadangare. Ba a yi wata biyu ba kamfanin ya sabunta wasan, ya rage wa bindigar ƙarfi, ya kuma fito da wata sabuwa ta sayarwa. Ya zo shagona rai a ɓace yana cewa, "Kawu, wallahi mu da yawa munka rubuta musu, amma ko tanka muna ba su yi ba." Na ce da shi, "Kai ɗan nan, da tunkiya ka saya da kuɗin, wa ya isa ya shigo gidanku da dare ya rage mata ƙafa ɗaya?" Ya yi shiru.

To tambayar ita ce, shin kamfanonin da ke ƙera waɗannan wasanni suna sauraren masu yin wasan idan za su canza doka? Amsata ita ce suna ji sarai, sai dai kunnensu a aljihu yake. Ga dalilaina.

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Arewa ya san wasan ƙwallon ƙafa na PES, na kamfanin Konami da ke ƙasar Japan. A shekarar 2021 kamfanin ya sake wa wasan suna zuwa eFootball, ya ce daga yanzu kyauta ne, kuma ya mayar da ƙarfinsa ga karawa ta intanet. Ranar 30 ga Satumba, 2021 aka saki wasan. Abin da mutane suka tarar ya ba su mamaki, domin fuskokin manyan 'yan ƙwallo sun fito kamar dodanni, kuma ƙungiya tara kacal aka bayar ga mai son ya buga da abokinsa. Cikin 'yan kwanaki wasan ya zama wanda aka fi kushewa a babbar kasuwar wasannin kwamfuta da ake kira Steam. Nan da nan kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, daga baya ya soke wani ƙunshin 'yan wasa da ya riga ya fara karɓar kuɗinsa, ya mayar wa mutane kuɗinsu, kuma a watan Afrilu na 2022 ya fito da gyararren wasa. Wani zai ce ai ka ga sun ji. E, sun ji, domin kasuwa ce ta fara watsewa. Amma akwai wani sashe na tsohon wasan mai suna Master League, inda mutum zai riƙe ƙungiya ya yi ta renonta kaka bayan kaka shi kaɗai ba tare da sayen komai ba. Masoya sun yi ta roƙon a dawo da shi, har aka cika shekara uku ba a dawo da shi ba, alhali sababbin 'yan wasa na sayarwa ba su taɓa yankewa ba. Mai hankali ya auna.

Misali na biyu daga Amurka yake. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin EA, wanda ya daɗe yana yin wasan ƙwallon FIFA, ya shirya sakin wani wasan yaƙi mai suna Star Wars Battlefront II. Sai masu wasa suka lissafa suka ga mutum zai shafe wajen awa 40 yana fama kafin ya samu babban jarumi guda, in kuwa yana son gajeriyar hanya sai ya sa kuɗi ya sayi wasu akwatuna da bai san abin da ke cikinsu ba. Da kamfanin ya fito yana kare kansa, mutum fiye da 600,000 suka danna alamar ƙin amincewa da bayanin nasa. Sai ga shi ya rage farashin jaruman da kashi 75 cikin 100, kuma ana gobe za a saki wasan ya dakatar da sayar da kaya a cikinsa. Maganar ba ta tsaya nan ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna na sa'a caca ce, kuma a watan Janairu na 2019 EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan FIFA a wannan ƙasa. Amma a sauran ƙasashen da hukuma ba ta tsawata ba ya ci gaba da cinikinsa. Ka ga ke nan abu biyu ke buɗe kunnen kamfani, asara da hukuma. Tabarmar kunya kuwa da hauka ake naɗe ta.

Don kada a ce na yi son zuciya, akwai waɗanda suka kama hanya mai kyau. Wani kamfani a Ingila mai suna Jagex ya canza wasansa na RuneScape har tsofaffin masoya suka yi fushi suka fara tafiya. A 2013 ya ba su dama su jefa ƙuri'a, kusan mutum 450,000 suka ce a dawo da tsohon, aka dawo da shi. Aka kuma kafa doka cewa ba za a shigar da sabon abu cikin wasan ba sai kashi 75 cikin 100 na masu ƙuri'a sun yarda, a 2022 aka mayar da shi kashi 70. Wasan da aka ɗauka ya tsufa sai ga shi ya sake cika da jama'a. Wannan ya nuna shawara da masu wasa ba ta karya ɗan kasuwa. Amma a lura, shi ma sai da ya ga rumfa ta fara yin fayau sannan ya tuna da shawara.

Wani zai ce ai haka duniya take, mai abu shi ke da doka. To mu mutanen Kabi muna da namu wasan taron jama'a da ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, wato gasar kamun kifi ta Argungu, wadda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2016. Dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada a lokaci guda. Kowa ya san doka tun kafin ya bar gida: homa da gora za ka riƙe, ba ka shiga ruwa sai an ba da izini, kuma wanda kifinsa ya fi nauyi a sikeli shi ya ci. Ba a taɓa jin ana tsakiyar su an ce daga yanzu homar wane ta daina aiki sai ya sayi sabuwa ba. A 2008 da aka ba wani kyautar farko da wani ƙaton kifi mai fiye da kilo 60, 'yan'uwansa masunta ne suka kai kuka fada cewa akwai lauje cikin naɗi. Aka bincika aka gano kifin ya mutu tun kafin gasar, aka karɓe kyautar. Wato masu wasa sun yi magana, an saurare su, an gyara.

Me ya bambanta Argungu da gem? A Argungu mai tsare doka yana zaune cikin mutane, ruwan da suke sha shi yake sha, kuma akwai ƙofar da za a kai kuka. Sarkin Ruwa ba shi da rumfar sayar da homa a bakin kogi. A gem kuwa alƙalin wasa shi ne mai filin, shi ne kuma mai sayar da takalmin bugawa. Duk ranar da ya canza doka, dole mutum ya tambaya, don gyaran wasa ya yi ko don sabon kaya ya shiga? Bugu da ƙari, mu nan muna can ƙarshen layi. Kamfani yana da lissafin kowace ƙasa, ya san inda kuɗi ke fitowa da yawa. Yaron da ke Badariya yana sayen datar kwana ɗaya yana jiran a kawo wuta ya yi caji, muryarsa ba za ta kai ta wanda ke biya da dala ba. Kukan kurciya jawabi ne, amma sai ga mai niyyar saurare.

Duk da haka gaskiya ɗaya ce, ba kowane kuka ne ya cancanci a bi ba. Na sha gani a gidan gem ɗin da ke jikina, wanda aka ci shi ne kullum ke cewa na'ura ta yi masa rashin adalci, kamar yadda ɗan dara in an cinye shi yake cewa rami ne bai haƙu daidai ba. Idan makami ɗaya ya fi ƙarfin kowa, to rage shi gyara ne, ko da masu riƙe da shi za su yi ta ihu. Inda laifin yake shi ne ka sayar wa mutum abu saboda ƙarfinsa, ka karɓe kuɗi, sannan ka zare ƙarfin ba bayani ba diyya. Mu 'yan kasuwa mun san sunan wannan. In na auna maka shinkafa da tiya, ba ni da ikon in biyo ka gida in kwashe gwangwani biyu.

Saboda haka ina da kira ga ɓangarori huɗu.

Na farko samarinmu. Ku sani duk abin da kuka saya a cikin gem aro ne. Dogon rubutun nan da kuke danna amincewa ba ku karanta ba, a ciki kamfani yake faɗa cewa yana da ikon canza kayan ko ya rufe wasan gaba ɗaya. Wanda ya hau motar kwaɗayi tashar wulakanci za ta sauke shi. In za ku yi ƙorafi kuma, ku bar zage-zage. Ku haɗa kai ku faɗi abu guda da ya dame ku a fili, ku rage wa wasan taurari a inda kuka sauko da shi, ku amsa tambayoyin jin ra'ayi in an aiko, sannan mafi girma ku kame hannunku daga saye. Wannan yaren ne suke ji ba sai da tafinta ba.

Na biyu masu gidajen gem, waɗanda 'yan'uwana ne a neman halali. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da janareta ke ci. Kada ku zuba jarinku duka a kan wasan da ba ya tashi sai da intanet, wanda wani zai kwana a wata ƙasa ya tashi ya juya muku shi. Ku riƙe tsofaffin da ake bugawa mutum biyu a kan benci ɗaya, domin waɗannan suna hannunku. Kuma abin da kuke zargin kamfani da shi kada ku yi wa yaran unguwa. In za ku ƙara kuɗi, ko ku rage mintin wasa, ko ku soke al'adar wanda ya ci ya zauna, ku tara su ku gaya musu tukuna, ku rubuta doka a bango kowa ya gani. Mai shagon da ya yi shawara da abokan cinikinsa ba ya kwana da kaya.

Na uku iyaye. Mu daina cewa ai wasa ne kawai. Mu tambayi yaranmu me suke saye a waya, musamman akwatunan sa'ar nan da mutum ke biya bai san abin da zai fito ba. Abin da wata ƙasar Turai ta kira caca, bai kamata mu da muka san hukuncin caca mu kau da kai daga gare shi ba.

Na huɗu hukuma. Ina kira ga hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, da ta dubi wannan ciniki da ake yi da 'ya'yan talakawa ta waya, ta tilasta a riƙa bayyana wa mai saye abin da yake saye da kuma abin da zai faru in an canza shi. Haka kuma ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta Aliero, me zai hana ku ƙera mana gem na dara ko langa ko kamun kifin Argungu? In kun canza doka ba mu ji daɗi ba, aƙalla mun san ƙofar gidanku.

Shi dai ɗan ƙanwata bana ya ce ɗan rago zai saya ya ɗaure in an yanke shinkafa, gem kuwa zai ci gaba da bugawa amma na kyauta. Na ce Allah ya sa da gaske yake.

Allah ya ƙara wa jaridarmu farin jini, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Naku a kullum,
Wani ɗan tireda,
Unguwar Badariya, Birnin Kebbi,
Jihar Kebbi.