A Gyara Katangar Dutse Yadda Aka Gina Ta

Kwanakin baya muna zaune da wani abokina Bamisire a bakin kogin Nilu, a unguwar Zamalek ta birnin Alƙahira, sai ya tambaye ni ko a Arewacin Nijeriya akwai ginin dutse na gargajiya. Shi a saninsa, ginin ƙasa kaɗai muke da shi. Na ce masa akwai, sai dai abin da ke damuna shi ne yadda za a riƙa gyara shi.

Misalin da na ba shi shi ne Sukur, wani gari a kan duwatsun Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa. Mutanen Sukur ba Hausawa ba ne, suna da harshensu da sarkinsu da ake kira Hidi. Tun kaka da kakanni suke jera duwatsu su yi katanga, ba laka ba siminti. Da irin wannan jeri suka kewaye fadar Hidi, suka shimfiɗa hanyoyi, suka kuma mai da gefen dutse gonaki hawa-hawa kamar matakala. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Nijeriya. A shekarar 2014 'yan Boko Haram suka kai wa garin hari, suka ƙone gidaje, har fadar ma ba ta tsira ba.

Duk inda aka yi ɓarna, sai an yi gyara. Ra'ayina shi ne kada a gyara irin wannan katanga da siminti. Maginin gargajiya yakan sa manyan duwatsu a ƙasa, ya faɗaɗa gindin katangar, ya ɗora kowane dutse a kan biyu, ya cike tsakiya da ƙanana. Idan aka yi ruwan sama, ruwan yakan bi ta ƙofofin da ke tsakanin duwatsun ya wuce, ƙasar gona kuwa ta tsaya. In aka toshe ƙofofin da siminti, ruwa ya taru a baya, nauyinsa ya tsaga katangar ko ya ture ta gaba ɗaya.

Wani zai ce siminti ya fi sauri, kuma matasa sun tafi birni. Gaskiya ne aikin yana da wuya, yana kuma cin lokaci. To, amma katangar da aka jera, in wani sashe ya zube, da duwatsun nan nata za a sake tayar da shi, ba a sayi kome ba. Abin da take bukata shi ne hannuwa da sani. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa suke aikin gayya.

A shekarar 2018 UNESCO ta amince da sana'ar jera dutse a matsayin gadon al'ada na ƙasashen Turai takwas, cikinsu har da Faransa da Italiya da Girka. Abin lura, sana'ar aka karrama, wato ilmin da ke hannun magina. Saboda haka ina ganin kuɗin da za a kashe a kan buhunan siminti, gara a biya dattawan magina da shi, kowane ya koya wa samari a bakin aiki lokacin rani, kafin damina ta faɗi. In dattawan nan suka ƙare ba su koyar ba, duwatsun za su rage a wurin, amma babu mai iya mayar da su mazauninsu.