Ra'ayinmu: Illela Na Bukatar Masu Ba Da Shawara

Sanin kowa ne Illela ta sha wuya. An rufe iyakarta da Birnin Kwanni a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Ciniki ya tsaya, 'yan bindiga kuma suka tarwatsa ƙauyuka a gabashin Sakkwato. Ana lissafa asarar dukiya, amma firgici da rashin barci da baƙin ciki ba mai ƙirga su.

Asibitin masu taɓin hankali na Kware yana kan hanyar Illela, sai dai likitocinsa ba za su iya zama da kowa ɗaya bayan ɗaya ba.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin zaman rukuni domin masu ciwon damuwa: mutum 6 zuwa 10, zama 8, ƙarƙashin jagora wanda ba sai likita ba, muddin an horar da shi, ana kuma duba aikinsa. Wanda ya ji ɗan'uwansa ya faɗi irin ciwonsa, shi ma yakan buɗe baki. Jagora kuwa wajibi ne ya koyi sauraro, da riƙe sirri, da gane wanda ya kamata a tura Kware.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta horar da ɗaliban fannin ba da shawara kan wannan tsari da Hausa, ta tura su Illela aikin gwaji, mata su jagoranci mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.