Ba laftof ɗinka ce matsalar ba, malam

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman masu harkar haɗa bidiyo, yau da ku nake. Na gaji da jin "laftof ɗina ta tsufa, sai na sauya". Mutum zai kwashi kuɗin makaranta, wanda sai da aka sayar da masara a gida aka turo masa, ya nufi Computer Village a Ikeja, wai don Premiere Pro tana maƙalewa. Haba!

Ka ɗauko bidiyon taron ƙungiya da waya a 4K, wanda ya ninka 1080p sau huɗu, kuma a matse da H.265 mai wahalar kwancewa. Ka jibga shi a manhaja yadda yake, laftof na kan katifa a hostel, fankarta a toshe, babu caja a jiki. Don Allah ta yaya ba za ta sanƙare ba? Da ta ɗau zafi take rage gudu da kanta, haka ma in a kan batir take.

Kafin ka taɓa sisi, yi waɗannan. Ka sa manhajar ta yi maka ƙaramin kwafi mara nauyi, wato firoksi, ka yi yanke-yankenka a kansa; wajen fitarwa da na asalin za ta yi aiki. Premiere da DaVinci Resolve duk suna yi. Ka rage ingancin kallon gwaji zuwa 1/2 ko 1/4. Bidiyon waya da murya ke saɓa wa hoto, ka bi da shi ta HandBrake, kyauta ce. Ka rufe Chrome, domin After Effects a RAM take tara abin da take nuna maka.

In har sai an kashe kuɗi, to SSD da RAM. Tsohon hadis da ƙyar yake wuce 100MB a daƙiƙa, SSD mafi sauƙi na kai 500MB. RAM kuma daga 8GB zuwa 16GB, in laftof ɗin na karɓar ƙari.

Masu cewa kwastoma 4K yake so, ina zai kalla? A WhatsApp, inda za a matse bidiyon.

Iyayenmu karatu suka turo mu, ba gasar laftof ba. Duk wanda tasa ke maƙalewa ya same ni bayan Isha'i mu duba tare, kyauta.