Fitila ta ƙone yaro, wa zai biya?

Fitilar sama 'yar jaka ce ta takarda mai shara-shara, da dunƙulen kaki a gindinta. A kunna kakin, iska mai zafi ta cika jakar, ta tashi ta bi duk inda iska ta nufa, wanda ya sake ta kuwa ba shi da sauran iko da ita. A daren shiga shekarar 2020 irin wannan fitila ta sauka a kan ɗakin birai na gidan namun daji da ke Krefeld a Jamus, dabbobi fiye da 30 suka halaka. Wata uwa da 'ya'yanta mata biyu ne suka kai kansu wurin 'yan sanda, suka ce ta intanet suka saya, ba su san an haramta ta ba. A 2013 ma guda ɗaya tak ta cinna wa tarin robobi kimanin tan 100,000 wuta a Smethwick da ke Ingila.

Ba ta zama ruwan dare a Gusau ba tukuna, amma masu shirya bukukuwa ba sa ganin sabon salo a waya su bar shi. Duk wanda ya san yadda rumfunan kasuwar Tudun Wada suke manne da juna, ya kuma san harawa da karan dawa da ake jibgewa a kan rufi a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu bayan kaka, ya san abin da wuta mai yawo a sama za ta yi a tsakiyar hunturu. Gara gwamnatin Zamfara ta hana sayar da ita tun ba ta yaɗu ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa yana cikin gidajenmu tuni: fitilar cajin da batirinta ke kumbura ya fashe, cajar waya mai narkewa a jikin soket, hitar dafa ruwa mai tsiraicin waya, tsohuwar tukunyar gas da aka shafe da fenti aka sayar a matsayin sabuwa, kananzir ɗin da aka surka da fetur. In abin ya faru, a ɗauki yaro a guje zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko asibitin Yariman Bakura. A sayar da akuya a sayi magani da bandeji, uwa ta kwashe makonni tana kwana a kan tabarma a gefen gado. Uba ya koma shago, a nuna masa rubutun da ke jikin bango cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Masu zuwa jaje su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Daga nan magana ta mutu.

Mun yi imani da ƙaddara, amma imani da ita bai taɓa ɗauke lamuni daga kan mai ɓarna ba. Malamanmu suna karantar da hukuncin mayar da kaya saboda aibi a babin ciniki, da hukuncin wanda ya jawo wa wani hasara. A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, bai kamata wannan babi ya tsaya a zaure ba.

Dokar ƙasa ma tana tare da mai rauni. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora alhakin rauni ko asarar dukiya da kaya mai aibi ya jawo a kan wanda ya samar da kayan, ko da wanda ya ji raunin ba shi ne ya saya ba. Ta kuma hana mai sayarwa kuɓutar da kansa da wani sharaɗi. Wato rubutun nan na jikin bango ba ya kare kowa.

Matsalar ita ce nisan hanya. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 ya kai 2009 kafin a yi sulhu a kan dala miliyan 75, iyalai na farko da gwajin ya shafa kuwa sai 2011 suka karɓi kuɗi. Wannan fa shari'a ce da gwamnatin jiha ta tsaya a kanta. Ina ga mai facin taya a Tudun Wada da fitilar 'yan dubbai ta ƙone wa ɗa hannu? Yawancin kayan nan babu sunan kamfani na gaskiya a jikinsu, babu adireshi, babu rasit.

Don haka gyaran daga rasit zai fara. Mai saye ya nema, mai shago ya bayar, shi ma ya karɓa daga dilan da ya sarar masa a Kano ko Legas. Wannan takarda ita ce za ta ceci ƙaramin ɗan kasuwa, domin da ita zai nuna wanda ya shigo da kayan, kada nauyin ya ƙare a kansa shi kaɗai. In tsautsayi ya auku, kada a zubar da ƙonannen abin ko kwalinsa. A ɗauki hoto, a adana takardun asibiti da na magani.

Muna kira ga FCCPC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON su riƙa shiga kasuwannin Gusau a kai a kai, su buɗe teburin karɓar koke da Hausa, a riƙa sanar da wurin a gidajen rediyo. Hukumar ba da agajin lauyoyi da reshen ƙungiyar lauyoyi na Gusau su ɗauki irin waɗannan ƙararraki kyauta har a samu hukuncin da za a riƙa kafa hujja da shi. Asibitocinmu kuma su fara rubuta abin da ya jawo kowace ƙuna da aka kawo musu, da sunan kayan da inda aka saye shi, su riƙa miƙa wa SON duk wata.