Yaron da Aka Kai Indiya da Wanda Ke Koyon Riƙe Cokali



Duk mai bibiyar littattafan da ake sakawa a zaurukan Facebook da WhatsApp ya san inda labarin yaro mai lalura ke ƙarewa. Wani Alhaji ya tausaya, a yi biza, a tafi Indiya ko Masar, bayan wata uku yaro ya sauko daga jirgi da ƙafarsa. To uwar da har yau take goyon ɗan shekara bakwai a Tudun Murtala, wanda shawara ko doguwar naƙuda ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, me ta ƙaru da shi? Irin lalurar ɗanta tiyata ba ta kawar da ita, ko a wace ƙasa.

Abin da ke taimakonsa wani fanni ne da yawancin mutane ke haɗawa da gashin ƙashi, alhali kowanne da aikinsa. Mai gashi gaɓoɓi yake motsawa su saki. Wannan kuwa harkokin yau da kullum yake koya wa yaro: cin abinci da hannunsa, saka maɓalli, riƙe fensir, zuwa bayi. Idan yatsu ba sa damƙa, sai a naɗe mariƙin cokali da roba ya yi kauri. Idan wuya ba ya tsayawa, sai a haɗa kujera mai tallafe kai, don kada yaro ya riƙa shaƙewa da koko. Cokalin nan kaɗai yana iya cin wata shida.

Shi ya sa muke da ja a kan ɗaliban Turai da Amurka da ke biyan kuɗi su je Ghana ko Tanzaniya aikin sa-kai na mako biyu ko huɗu da irin waɗannan yara. Ba mu zargi niyyarsu ba. Amma yaron da bai gama sabawa da fuskarka ba ka ɗauki jaka, me ka koya masa? Mu a ganinmu, baƙo da abin da ya bari ake auna shi. A Asibitin Noma na Sakkwato, inda ƙungiyar MSF ke aiki tun 2014, likitocin waje kan zo lokaci-lokaci su yi tiyata su koma, amma ma'aikatan gida ne ke zama da yara suna sa su atisayen buɗe baki kullum. Ba don su ba, da muƙamuƙin ya sake ƙagewa.

Kano ma tana da nata darasin. An dakatar da rigakafin shan inna a 2003, aka dawo da shi a 2004, sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Waɗanda ta riga ta shanye fa? Aminu Ahmed Tudun Wada, wanda shi ma ta taɓa shi, da 'yan ƙungiyarsa ne suka zauna suna ƙera kekunan hannu a nan cikin gari. Kujerar da muka ambata ma kafinta na layinku zai iya yin ta, in ya samu mai nuna masa awo. Mai nuna awon ne ya yi ƙaranci, tunda makarantar tarayya da ke koyar da fannin tana can Oshodi a Legas.

Mu da muke da alƙalami ba masu jinya ba ne, kada ma wani ya ɗauko yaron maƙwabta ya ce zai gwada. Namu shi ne mu je Asibitin Ƙashi na Dala ko makarantar Tudun Maliki, mu nemi izini, mu zauna mu saurara, ba tare da ɗaukar hoton ɗan kowa ba. Abin da ma'aikaci ya faɗa wa uwa cikin gaggawa da rabin Turanci, mu mayar da shi Hausa, ya duba ya gyara, a naɗe shi a murya don wadda ba ta karatu.

Wanda kuma ke tsakiyar rubuta labarin yaro mai lalura, ya jarraba barin Alhajin a gida, ya ba mu babi guda a kan ranar da yaron ya kai lomar tuwo bakinsa da kansa.