A Riƙa Ba Ƙungiyoyin Ƙauye Tallafi Kai Tsaye

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga masu ba da tallafi, na gida da na ƙetare.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya sauya tafiya, ciyawar kacala ta toshe masa hanya. Tambayi mutanen Auyo, Guri da Kirikasamma: gonar wani ta nutse, ta wani tana ƙishirwa.

Su wa ke shiga ruwa da lauje suna yankan kacala? 'Yan gayyar ƙauye. Amma in tallafi ya zo, sai a ce kawo rajista, kawo asusun banki, rubuto buƙata da Turanci. Wallahi shugaban ƙungiyarmu ajami kaɗai ya iya. Sai kuɗin su faɗa hannun 'yan birni, su ƙare a taron otal.

Shirin Fadama na Bankin Duniya ya taimaki ƙungiyoyin manoma da injin ban ruwa, kuma an ga amfaninsa. Don Allah a zo ƙauye a tambayi mai unguwa da liman, sun san masu aikin. Kwalekwale da lauje muke nema kafin damina.

Naka,
Wani manomi, Haɗeja.